Ƙirga sumba ba shi ne auna littafi ba

Ana saura kwana biyu mu tafi hutun ƙarshen zango, ina ɗakin malamai ina fama da jan biro a kan takardun jarrabawa, sai abokiyar aikina mai koyar da lissafi ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Kirista ce. Mun fi shekara goma muna aiki tare, ta ci tuwon sallata, na ci shinkafar Kirsimetinta. Ta miƙo mini waya ta ce, "Malama, ke ce mai cin littafi kamar gara. Don Allah ki duba mini waɗannan. 'Yarki ta maƙale musu, ko abinci sai an yi da gaske take ci. An ce na Kirista ne, amma ina so in ji daga bakinki, masu tsabta ne?"

Yarinyar shekarunta 14. Da na duba wayar sai na ga bangunan duk kusan iri ɗaya: budurwa Baturiya cikin doguwar riga, bayanta gidan sarauta na dutse mai dogayen hasumiyoyi. Na karanta uku a cikin hutun. Amsar tambayarta ba ta da wuya, masu tsabta ne ƙal. Babu ashar, babu batsa, saurayi ba ya wuce riƙe hannu da sumba, kuma kafin a kai ga sumbar ma sai an ci shafi ɗari biyu ana addu'a. Sai dai tun da na rufe na ukun wannan amsa take ci mini tuwo a ƙwarya, domin na ga cewa da na tsaya a nan da na faɗi gaskiya kuma na cuce ta.

Irin waɗannan littattafai gidansu Amurka ne, cikin kasuwar Kiristoci masu bishara, kuma kasuwa ce babba mai tsarinta. Galibi akan ɗora farkon labarin soyayya na Kirista na zamani a kan wata marubuciya 'yar Kanada, Janette Oke, wadda kamfanin Bethany House ya buga littafinta Love Comes Softly a 1979. Daga nan abin ya yi rassa. Akwai na zamanin kaboyi, akwai na mutanen Amish masu keken doki, akwai kuma wannan reshe da ya faɗo hannun 'yar abokiyata, inda ake ɗauko tatsuniyar Turawa, a cire mata sihiri, a kai ta Turai ta ƙarni na 14 ko na 15, a sa jarumar ta zama mai ibada. Wadda ta fi suna a wannan reshe ita ce Melanie Dickerson, 'yar jihar Alabama. Littafinta na farko, The Healer's Apprentice, ya fito a 2010 daga kamfanin Zondervan, wasu na baya kuma daga Thomas Nelson. Duka kamfanonin biyu yanzu na HarperCollins ne, ya sayi na farko a 1988, na biyu a 2012. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san cewa bayan bangon nan mai kama da wa'azi akwai 'yan kasuwa da suka san abin da uwa ke tsoro, suka kuma san yadda za su sayar mata da kwanciyar hankali.

Da kasuwar ta girma sai ta haifi ma'auninta. Ƙungiyar Focus on the Family da ke Kolorado tana da wani sashe mai suna Plugged In, aikinsa duba fim da littafi domin iyaye. Sukan yanka littafi gida-gida: me ya ce game da imanin Kirista, me ya ce game da wasu addinai, yaya aka nuna iyaye da magabata, akwai zagi ko zubar da jini, akwai abin da ya shafi jima'i. Su ma masu karatu da ke ba juna shawara haka suke yi, har sukan ƙirga sumba, su faɗa maka ko a kumatu ce ko a baki, ko kafin baiko ko bayansa. Idan lissafin ya fito daidai sai a buga wa littafi hatimin tsabta, uwa ta saya ta kwanta ta yi barci.

Ban raina wannan ba. Uwar da ke tsince tsakuwa daga shinkafa tana aikinta ne, kuma duk wanda ya ga abin da ke yawo a wayoyin yara a yau ba zai yi mata dariya ba. Amma tsince tsakuwa ba ya gaya miki ko shinkafar ta ruɓe. Mu nan mun san wannan ma'auni, mun kuma san iyakarsa. Ni da littattafan soyayya na Kano na girma, a ƙarƙashin katifar makarantar kwana muke ɓoye su. Ina tune da 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona tarin littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata, da sunan gyaran tarbiyya. Abin da ake farauta a lokacin shi ne batsa. Littafin da ke koya wa yarinya cewa rayuwarta ba za ta fara ba sai ranar da Alhaji mai gidan bene ya tsaya da mota a ƙofar gidansu, wannan ba shi ne abin farauta ba, tunda babu kalmar kunya a cikinsa. A cikin ƙawayena na san waɗanda irin wannan littafi mai tsabta ya fi yi wa illa.

Kafin in shiga ƙorafi bari in wanke marubutan daga wani laifi da ake yawan ɗora musu, wai sun lalata tatsuniya da wanki. Tatsuniyar Turawa tun fil azal wanke ta ake yi. Labarin gimbiya mai barci, a yadda Giambattista Basile ya rubuta shi aka buga a Naples wajen 1634, wani sarki ne mai mata ya tarar da yarinya a sume ya afka mata, ta haifi tagwaye ba ta farka ba. Charles Perrault ya cire wannan a 1697, amma ya bar uwar miji mai son cin naman jikokinta. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Grimm da suka fitar da tarinsu a Jamus a 1812, su ma da suka ga yara ke karantawa sai suka koma suka gyara. A bugun farko yarinyar da aka kulle a hasumiya ta tona wa kanta asiri ne da ta tambayi dalilin da tufafinta suka matse ta, wato ciki ne da ita, a bugun 1819 suka share wannan. Uwar da ta nemi kashe 'yarta saboda kyau suka mai da ita kishiyar uwa. Ko a gida, Abubakar Imam ya ɗebo daga wannan taska ta Grimm da ta Dare Dubu da Ɗaya da ya zauna rubuta Magana Jari Ce a Zariya, ya ɗinka musu riga da rawani, kuma ba wanda ya ce ya yi ɓarna. Kowace al'umma tana yi wa tatsuniya wanka da sabulunta. Abin tambaya shi ne me aka shafa mata bayan wankan.

A littafin 2010 ɗin nan, na farkon da na karanta, wanda aka gina a kan labarin gimbiya mai barci, jarumar 'yar mai saran itace ce, tana koyon aikin magani a wani gari na ƙirƙira mai suna Hagenheim, a Jamus ta 1386. Ta kamu da son babban ɗan basaraken ƙasar, shi ma haka, amma an riga an yi masa baiko tun yana yaro da wata 'yar sarauta da aka ɓoye saboda wani mugun boka. Su biyun suka danne zuciya, suka yi ta addu'a, suka ce nufin Allah ya fi nasu. Har nan na ji daɗin littafin ƙwarai, domin ba kasafai ake samun labarin soyayya da ke ɗaukar cika alkawari da nauyi ba. Sai a ƙarshe (wanda bai karanta ba ya yafe mini) aka gano cewa 'yar mai saran itacen ita ce 'yar sarautar da aka ɓoye. An yi biki, kowa ya samu abin da yake so.

To a nan na ajiye waya na yi tagumi. Mece ce sadaukarwar, idan abin da ka bari don Allah shi ne dai Allah zai maido maka a shafi na ƙarshe, da riba a kai? Yarinya mai shekara 14 da ta karanta irin wannan sau goma, darasin da ke zauna mata shi ne ibada ciniki ce: ki kame kanki, ki yi addu'a, ladanki miji ne kyakkyawa mai dawaki da barori. Ba ni ce zan koya wa Kirista addininsa ba, amma Ayuba namu ne mu duka, kuma abin da Shaiɗan ya jefe shi da shi a Littafi Mai Tsarki ke nan, cewa ba a banza yake tsoron Allah ba, don an kewaye shi da dukiya ne. Ranar da yarinyar nan za ta kai shekara 32, ta kame kanta ta yi addu'ar, basarake bai zo ba, ko kuwa wanda ya zo ɗan acaɓa ne mai kirki, da wa za ta yi rigima? Littafin ba ya nan a lokacin, Allah za ta tuhuma.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan. Abokiyata ce ta taɓa karanta mini waƙar Maryamu da ke farkon Bisharar Luka, inda aka ce Allah ya saukar da masu iko daga gadajensu ya ɗaukaka ƙasƙantattu. Mai kare waɗannan littattafai zai ce ai shi ne ake nunawa, talaka ta zama gimbiya. Amma a duba da kyau. Ba a ɗaukaka 'yar talaka ba, an gano ne cewa dama can ba 'yar talaka ba ce. Kyanta da hankalinta da natsuwarta, ashe duk jini ne. Sauran 'yan matan garin da iyayensu masu saran itace ne na gaske, suna nan inda aka bar su. Abin mamaki, Kiristocin wancan zamani sun fi haka tsaurin ido. A 1381, shekara biyar kafin shekarar da aka sa wa labarin, talakawan Ingila sun yi bore, wani limamin coci mai suna John Ball ya tsaya gabansu ya yi tambayar da har yau ake maimaitawa: lokacin da Adamu ke noma Hauwa'u ke kaɗi, wane ne basarake? Kashe shi aka yi a wannan shekarar. Irin wannan murya ban ji ta ba a littattafan da na karanta. A cikinsu akwai mugun basarake da nagari, amma ita kanta sarautar da ke cin gumin talaka ba ta da laifi, kyautar Allah ce da ake ajiye wa yarinyar kirki.

Na biyun da na karanta, The Merchant's Daughter na 2011, shi ya fi tsaya mini a rai, ta alheri da ta akasi. Tatsuniyar kyakkyawa da dodo ce aka kai Ingila ta 1352. Dodon mutum ne, ubangidan ƙauye mai tabo a fuska da hannu naƙasasshe, mai zafin rai. Yarinyar ta shiga gidansa aikin bauta na shekara uku don biyan abin da ake bin danginta. Burinta ta shiga gidan sistoci domin ta samu karanta Littafi Mai Tsarki da idonta. Sai ya zamana ubangidan yana da kwafi, ta riƙa karanta masa da dare, zuciyarsa ta yi ta laushi har suka yi aure. An rubuta shi da taushi, kuma marubuciyar ta yi ƙoƙari ta nuna mutumin mai mutunci ne a ƙarƙashin fushin, har shi ne ke kare ta daga wani ma'aikacinsa mai neman lalata ta.

Duk da haka ƙashin bayan labarin bai canza ba: namiji mai iko a kanki, mai tsawa, wanda kowa ke tsoro, ke ce za ki gyara shi da haƙuri da ibada. Matar da ta taƙaita wannan tatsuniya a 1756 ta zama yadda aka san ta yau, Madam Leprince de Beaumont, mai renon 'ya'yan manya ce a Landan, kuma masana da yawa suna karanta labarin a matsayin lallashin 'yan matan da za a aurar wa mazan da ba su sani ba. Wannan lallashi mun san shi da Hausa. "Ki yi haƙuri, zai canza." "Ki dage da addu'a." Mata nawa aka mayar ɗakin da ake dukansu da waɗannan kalmomi, a masallaci da coci baki ɗaya? A tatsuniyar asali aƙalla akwai sihiri, yaro ya san dodo ba ya rikiɗa ya zama yarima a duniyar gaske. Da aka cire sihirin aka sa addu'a a gurbinsa, sai alkawarin ya tashi daga na gizo ya koma na Allah. Ma'aunin ƙirga sumba ba zai taɓa kama wannan ba, domin babu layi ɗaya da za ka ja wa jan biro. A cikin ginin labarin yake.

Kuma ku lura da inda burin yarinyar ya ƙare. Ta so ta keɓe kanta ga Allah, labarin ya nuna mata cewa abin da take nema na gaske miji ne. Alhali tarihin wancan zamani cike yake da matan da suka yi akasin haka, kuma su Kiristocin lokacin suka ɗauka a matsayin jarumai. Christina ta Markyate, a Ingila ta ƙarni na 12, iyayenta sun tilasta mata aure, ta gudu ta ɓuya shekaru a wani ɗan lungu da ko miƙewa sosai ba ta iya yi, daga baya ta shugabanci gidan sistoci. Katarina ta Siena aske gashinta ta yi don a ƙyale ta da maganar miji, ta rayu tana jinyar marasa lafiya tana aika wa Fafaroma wasiƙu masu zafi, ta rasu a 1380 tana da shekara 33. Hildegard ta Bingen, Bajamushiya, ta yi rubutu a kan cuta da magani tun a ƙarni na 12. Ga mai maganin gaske a Jamus ta gaske, amma labarinta ba ya ƙarewa da biki, don haka ba ya sayuwa a wannan kasuwa.

Wannan ya kawo ni kan tarihi. Addinin da ke cikin littattafan nan, in ka cire masa doguwar riga, na cocin bishara ne na Amurka ta yau: mutum da Allahnsa kai tsaye, addu'a da kalmomin da suka zo baki, neman nufin Allah a kan wanda za a aura, dogaro da nassi. Turai ta yamma a 1386 kuwa Katolika ce. Martin Luther, wanda Furotesta suka samo asali daga boren da ya yi wa cocin Katolika, bai fito da ƙorafinsa ba sai 1517. Sujada da Latin ake yi, wanda talaka ba ya ji. Tun babban taron coci na 1215 aka wajabta wa kowa furta zunubansa gaban firist aƙalla sau ɗaya a shekara. Mace mai naƙuda Maryamu da tsarkaka take kira. Mutane suna tafiya ziyarar kaburburan tsarkaka da ƙafa, suna biya a yi wa matattunsu addu'a, suna azumin kwana 40 kafin Ista. Littafi da hannu ake kwafarsa a kan fata, sai wajen 1455 Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki da inji, kwafi kusan 180 kacal. A Ingila, bayan mabiya John Wycliffe sun fassara shi zuwa Turanci, hukumar coci ta hana yin fassara ba da izini ba a 1409. Marubutan sun san wannan, shi ya sa suke son jaruma mai ƙishirwar nassi. Amma sakamakon shi ne duk mutumin kirki a labarin ɗan Furotesta ne da ya riga zamaninsa da shekara 150, ibadar da miliyoyin mutane suka rayu suka mutu a kanta kuma ta koma kayan ado, kamar kyandir da sulke.

Inda suka dace da tarihi shi ne maganar yardar mace. Tun zamanin Fafaroma Alexander na Uku a ƙarni na 12 dokar coci ta tsaya a kan cewa yardar ango da amarya ita ke ƙulla aure, don haka yarinyar da ta ce a'a tana da madogara. Sai dai dokar ɗaya ce ta sa ƙarancin shekarun aure 12 ga mace, 14 ga namiji. Margaret Beaufort tana da shekara 13 ta haifi ɗa a 1457, wanda daga baya ya zama Sarki Henry na Bakwai na Ingila, ba ta sake haihuwa ba. Talakan da ke ɗaure da gandun ubangida kuwa sai ya biya ubangidan kuɗi kafin ya aurar da 'yarsa. Ita kuma annobar da ta share aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351, a irin waɗannan labarai takan leƙo ne ta mai da yarinya marainiya ta wuce. A Strasbourg, cikin Fabrairun 1349, Kiristocin gari sun ƙona ɗaruruwan Yahudawa bisa zargin sa guba a rijiyoyi. Ba na cewa a zuba wa 'yar shekara 14 wannan duka a faranti ɗaya. Amma littafin da ke kiran kansa na addinin da ya tsaya a kan zunubi da tuba, bai kamata ya zana al'ummar Kirista da zunubinta kawai na mugun boka da kishiyar uwa ba ne.

Ana iya yin abin da kyau, an ma yi. Sigrid Undset ta Norway, wadda ta ci kyautar Nobel a 1928, ta rubuta Kristin Lavransdatter a kan wata mace ta ƙarni na 14 da ta bijire wa ubanta ta auri wanda take so, ta shiga ɗakin da ciki, ta kwashe sauran rayuwarta tana girbar abin da ta shuka tana kokawa da Allah, har annoba ta ɗauke ta tana jinyar wasu. A ma'aunin ƙirga sumba wannan littafi zai faɗi warwas. Ni kuwa ban taɓa karanta labarin soyayya da ya fi shi tsoron Allah ba.

Na ukun shi ne na Aladdin, The Orphan's Wish na 2018, kuma a matsayina na Musulma na buɗe shi da shirin jin haushi. An ɗauko yaron maraya daga Ƙasa Mai Tsarki, an kai shi Jamus, ya tashi Kirista, babu fitila babu aljani, da haziƙancinsa na kasuwanci yake neman cancantar 'yar basarake. Na ji ɗan zafi, ba zan ɓoye ba, ganin cewa sai an raba yaro da mutanensa da addininsu kafin ya isa zama jarumi. Amma ban iya cewa an sace mana labari ba, domin shi Aladdin ɗin ma ba ya cikin tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na Dare Dubu da Ɗaya. Wani saurayi Kirista ɗan Halab, Hanna Diyab, shi ya ba Antoine Galland, Bafaranshen da ya fassara Dare Dubu da Ɗaya, labarin da baki a Faris a 1709, kuma a wani birni na ƙasar Sin aka ce abin ya faru. Labari ne da ya saba sauya riga. Wannan littafin ma ya fi na farkon gaskiya ta fuska ɗaya, tunda yaron bai wayi gari ɗan sarki ba.

Na san abin da za a ce mini, abokiyata ma ta faɗa: "Haba Malama, tatsuniya ce fa." Ai da tatsuniya ce da ban ce uffan ba. Kakata idan ta ce ga ta nan ga ta nanku, mun san mun bar duniya. Idan ta gama sai ta ce ƙurunƙus, ba don gizo ba da na yi ƙarya, ta mai da mu gida da hannunta. Tatsuniya mai gaskiya ce a kan ƙaryarta. Waɗannan kuwa sun kori gizo, sun rubuta shekara da sunan ƙasa a shafin farko, sun sa ayoyi a bakin jarumai, sun ce wa yarinya ga yadda Allah yake aiki. A littafin farko ma an cire aljanar tatsuniya an bar aljanun da boka ke turowa, waɗanda ake kora da sunan Yesu, wato an ce mata wannan ɓangaren ba wasa ba ne. Wanda ya ɗauki wannan matsayi ya wuce a auna shi da ma'aunin gizo da ƙoƙi. Dole a tambaye shi abin da ake tambayar mai wa'azi, shin abin da ka faɗa game da Allah haka yake?

Da aka dawo hutu na mayar mata da amsa a ɗakin malamai. Na ce kada ta ƙwace, yarinyar da ke karanta littafi mai shafi 300 da Turanci don ganin dama ba abin da za a kashe wa gwiwa ba ce, kuma ƙwacewa ba ta hana mu komai ba a zamaninmu sai ƙara wa katifa tudu. Na ce ta karanta ko guda ɗaya ita ma, sannan ta tambayi 'yar abin da za su iya taunawa tare: da yarinyar nan ta tabbata 'yar mai saran itace ce, ɗan basaraken ya auri wata, Allah ya ci amanarta ke nan? Da mai tsawar nan bai canza ba, shekara nawa ya kamata ta zauna?

Ta yi shiru tana juya biro, can ta ce, "Ni fa da kin ce mini akwai batsa da ya fi mini sauƙi."

Bayan sati biyu na haɗu da yarinyar a bakin ƙofar makaranta tana jiran mamanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Anti, Mama ta ce ke kika sa ta yi mini tambayoyi." Na ce ni ce. Ta ce ta farkon ba ta da amsa tukuna. Ta biyun kuwa, in ita ce, wata uku za ta ba shi. Na tambaye ta ko ta bar karanta su, ta ce tana kan na bakwai.